Wasiƙa zuwa ga Sani a Abijan

Bukoki, Yamai

Aboki Sani,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya iyali, ya kasuwa? Mu nan lafiya lau, sai zafi. Na san ka ga hoton, tunda har dariya ka turo mini, don haka bari ka ji daga bakina.

Saura kwana 10 Sallar layya, wuta ta ɗauke cikin dare, na fito tsakar gida da tabarma ina latsa salula. Sai ga wani yaro a TikTok yana juya wata babbar riga ruwan toka, tana ƙyalli kamar an shafa mata mai. Wai shadda Getzner ce ɗinkin Bamako, saura guda uku. Kafin kiran asalatu na gama ciniki a WhatsApp, jika 35. Ni da na san yadin Getzner na gaskiya ko rabin riga ba zai ba ka a wannan kuɗin ba! Kwaɗayi mabuɗin wahala. Da safe na tura kuɗi.

Ya ce kwana uku. Aka yi mako, wai tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kaya ba sa zuwa da wuri. Na ce yaushe Bamako ta koma bayan Kwatano? Shiru.

Ranar jajibiri ɗan kabu-kabu ya kawo ƙunshi a baƙar leda. Da na ɗaga, nauyinsa bai kai na hula ba. Aikin wuyan da na ɗauka zare ne, ashe fenti ne aka buga da inji. Na saka, ta tsaya mini a gwiwa, singiletina ana karanta shi ta ciki. Zainabu ƙanwata ta ɗauki hoto ban sani ba, ta haɗa da na yaron, ta rubuta "abin da Yaya ya saya da abin da ya zo". Kafin azahar ya kai Tawa, har Inna ta kira tana tambaya ko kayan yara aka kawo mini.

Na kai wa telanmu na Wadata. Ya murza yadin da yatsa biyu, ya shinshina, ya ce, "Malam, wannan sai labule." Yaron kuwa ya toshe lambata.

Tsohuwar rigata ta bikinka na sa zuwa idi. Idan za ka zo, kada ka tayar da maganar nan gaban Hajiya, ita har yau ta ɗauka jika 10 na biya.

Naka,
Habibu