Barka da Sallah daga Amman

Assalamu alaikum Umma,

Barkanmu da Sallah, Allah ya karɓi ibadunmu ya maimaita mana. Mun sauko idi tun da sassafe, nan Amman rana na ɗagowa kaɗan ake tada sallah, kafin kice me kowa ya koma gida, ba algaita ba dawakai, sai na tuna gobe da yamma kuna wajen hawan Daushe, wlh Umma sai da idona ya ciko.

Maƙwabciyata, wata dattijuwa 'yar Falasɗinu da nake ce ma Khala, ita ta fara ƙwanƙwasa min ƙofa da faranti cike da ma'amul, wani cincin ɗinsu mai dabino a ciki. Ni kuma ɗalibai 'yan Najeriya da Nijar ne za su zo mana yini, na yi shinkafa da miyar kaji amma abin da nake son in baki labari shi ne hummus, ita Khala ta koya min cikin azumi kuma yau na yi da hannuna.

Hummus ɗin sunan waken ne ma da Larabci, ƙwayarsa kamar ƙaramar gurjiya. Kofi 2 na jiƙa tun daren jiya da ɗan bakin soda, aikin da kanwa ke mana a wake shi yake yi, da safe na dafa kusan awa 1 har sai da na matsa ƙwaya ɗaya da yatsa ta narke, na murje ɓawon ya taso saman ruwa na kwashe. Khala tace duk sirrin yana nan, in kika yi ƙyuyar cire ɓawo bazai yi santsi ba. Sai blanda: waken, tafarnuwa 2, ruwan lemun tsami, gishiri, kamun (wani kayan ƙamshi, cumin) kaɗan, da tahina. Na gasa jan tattasai 2 a kan wuta har bayansu ya yi baƙi na ɓare, na haɗa da dafaffen karas na zuba, kalar ta fito kamar ruwan goro. Tana niƙuwa ina ɗiga ruwan ƙanƙara kaɗan kaɗan har ta yi laushi kamar kindirmo mai kauri, na juye a faranti na yi rami da bayan cokali na tsiyaya man zaitun.

Umma kinsan meye tahinar nan? Riɗi ne fa, riɗi zalla aka soya sama sama aka niƙa har mai ya fito. Ranar da na fara lasa kantun riɗin da kike mana ne ya faɗo min a rai, na tuna buhunan da ake lodawa a Dawanau ana fita da su waje, mu muna da shi a ƙofar gida amma daga kantu sai miya muka tsaya.

Gurasarsu kuma khubz suke ce mata, siririya ce mai aljihu a tsakiya, bata kai ta Jakara kauri ba. Wadda ta kwana na raba biyu na yanka kusurwa uku uku, na shafa man zaitun na barbaɗa za'atar, wani garin kayan ƙamshinsu, shima akwai riɗi a ciki, na sa a oban kamar minti 10 ta fito ƙaras ƙaras. Da ita ake dangwala, ga kokwamba da tumatir a gefe. Na aika wa Khala kafin baƙi su zo, ta dawo da kanta tace in ƙara lemun tsami kaɗan nan gaba amma santsin ya yi, ba ƙaramin daɗi naji ba.

Dan Allah ki gwada, in ba a samu waken a shagunan Kwara ('yan Lebanon) ba kiyi da farin wake ki surfa shi kamar na alala, riɗin ki bada a niƙo, gurasa kuma a yanka siriri. In kinyi auta ta turo min hoto.

Ki gaida Baba da Yaya da Gwaggo, goron Sallar yara na turo ta hannun Yaya. A sa mu a addu'a.

'Yarki