Zuwa ga Mamana, a kan tanki na bakwai

Assalamu alaikum Mamana,

Daren jiya ban runtsa ba. Ƙanenki ne ya yi suɓul da baka, ya ce kifayen tanki na bakwai na gwajin da kike yi don kundin karatunki sun ƙi girma, wasu ma sun mutu, kuma wai wani da ya riga ki shiga sashen ya ce ki haɗa lambobin sauran tankuna biyun da ke cin abinci iri ɗaya da shi, ki raba biyu, ki cike gurbin, wai haka kowa ke yi. Kada ki yi masa faɗa, ni na matsa masa sai da ya faɗa mini sauran.

Ni ba masanin kifi ba ne, kankare na sani. Amma bayanin da kika yi mini lokacin hutu ya zauna: abinci iri huɗu, kowanne tanki uku, kina rage garin kifi kina maye gurbinsa da na waken suya, ki ga har ina tarwaɗa za ta jure. Kin taɓa tambayar kanki me ya sa uku? Mu ma haka muke yi. A zuba kankare a ma'auni mai milimita 150 ta kowane gefe, a jiƙa shi a ruwa, a fasa wasu ran kwana 7, wasu ran kwana 28. Guda ɗaya na iya yi maka ƙarya, shi ya sa ba a tsayawa a kansa. In kuwa ɗaya ya bauɗe, a kansa nake wuni. Ko ba a daddage shi da kyau ba ne? Ko birkila ya ƙara ruwa don kwaɓin ya yi masa laushi? Mai bauɗewar nan shi ke tona abin da ya faru.

To, ki tambayi tankinki. Kin auna iskar da ke cikin ruwan da asuba, lokacin da kifi ke tasowa yana haki? Amoniya fa, gubar nan da ke taruwa a ruwa daga kashin kifi? Tankin yana bakin taga ne, ko a ƙarshen bututun iska? Da ƙuri'a kika raba abincin ga tankunan, ko yadda suke jere kika bi? Tun shekarun 1920 masanin ƙididdiga Ronald Fisher ya dage kan ƙuri'ar nan a gonar gwaji ta Rothamsted da ke Ingila, don kada a ɗora wa abin gwaji laifin da na wuri ne. In abincin ne, 'yan'uwansa biyu ma za su nuna alama, ko da kaɗan, sai ki sake duba nauyinsu. Ke da bakinki kika ce waken suya in bai sha wuta sosai ba yana hana narkewar furotin, kuma metiyonin ɗinsa, ɗaya daga cikin tubalan furotin, bai kai na garin kifi ba.

Duk wannan bai hana ni barci ba. Kifi ya mutu, a sake zuba wani. Abin da nake tsoro shi ne hannunki ya rubuta lambar da sikeli bai ba ki ba. Ta farkon ce kawai mai wuya, Mamana. Wani farfesa ɗan ƙasar Holan, Diederik Stapel, ya yi shekaru yana ƙirƙiro alƙaluma a ofishinsa, asirinsa ya tonu a 2011, aka janye takardunsa fiye da 50, har ɗalibansa da ba su ji ba su gani ba abin ya shafa. Ki tambayi Ummanku, da ta tsufa a laburare, yadda kundi ke tafiya. Da zarar an ba shi lamba an ɗora a kantar littattafai, ya bar hannun mai shi. Wani ya ɗauka ya kafa hujja, na uku ya kafa hujja da na biyun, ƙarshe mai kiwo ya haɗa abinci da lissafinki, ya zuba jarinsa a ruwa. Shi wa zai kama?

Kuma abin da ya fi ƙona mini rai, an ce ba ki ce wa mai ba ki shawarar nan a'a ba, cewa kika yi za ki yi tunani. Tunanin me? A gidana kika tashi! Na san har yau kina ganin taurin kaina ne ya raba mu da wancan gida, shekarar da na ƙi sa hannu a takardar ƙarfin kankaren ginin mutumin nan. Kun sha wuya, ban musa ba, ke ma kin rasa zango guda. Amma kankaren bai kai ƙarfin da aka rubuta ba, kuma mutane za su kwana a ƙarƙashinsa. In da za a dawo da ranar, abin da zan yi ke nan.

Na yi zafi, ki yi haƙuri. Na san kin gaji, wata biyu kina tashin asuba kina auna abinci gram-gram. Ki je wurin malamin da ke duba aikinki da littafinki yadda yake, da ranar da kowane kifi ya mutu. In ya ce a cire tankin daga lissafi, a cire, amma a rubuta dalili a cikin kundin. In kuma sai an sake gwajin, ni zan ɗauki nauyin ƙarin zangon, Ummanku ta riga ta amince.

Ki ɗauko mini hoton shafukan mako na biyar da na shida ki turo, ina so in gani da idona. Ki riƙa cin abinci, an ce kin rame. Allah Ya yi miki albarka.

Babanki