Wasiƙa daga Busua, a Ghana

Zuwa ga Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya kamar yadda nake. Na aiko jaka 40 ta hannun Kawu. A sayi gero da 25, sauran a gyara rufin ɗakinki kafin ruwa ya sauka. Kada a ba Auta ko dala a hannunsa.

An ce labari ya iso gida wai na bar tsire na koma wasan ruwa da Turawa. Inna, wallahi ba haka ba ne. Tukubata tana nan bakin teku, su nan chichinga suke ce wa tsire, kuma ana saye, alhamdu lillahi. Wasan da ake faɗa hawan igiyar ruwa ne. Mutum ya goge allonsa da kaki, ya ɗaure shi a ƙafa da igiya, ya kwanta a kai ya yi ta tuƙi da hannu har ya wuce inda ruwa ke fashewa. Can zai zauna jira. In babbar igiyar ruwa ta taso sai ya miƙe tsaye ta kawo shi gaɓa. Ƙasan duk yashi ne, shi ya sa masu koyo ke son wurin. Da sassafe suke shiga, kafin iska ta ɓata ruwan. Akwai wani yaron Ahanta, ƙabilar mutanen nan, bai fi shekara 10 ba, ya fi baƙin duka iyawa. In ya fito yana rawar sanyi nakan miƙa masa tsinke ɗaya.

Sau ɗaya na shiga, iya gwiwa. Na ji ruwa yana janye yashi daga ƙarƙashin ƙafata, na fito. Su kansu masunta ba sa fita ranar Talata. Ki kwantar da hankalinki.

Da damina igiyar ta fi ƙarfi, baƙi kuwa sun fi yawa wajen Disamba, lokacin hunturu, to sai sannan aiken zai fi kauri. Ki yi haƙuri, na san wannan bai kai ba. Ƙafarki fa? Ina kwana da ita a rai. Dokunu da kifi nake ci kullum, furarki nake marmari.

Auta ya zauna ya yi noma, kada ya biyo ni. In ya sake zancen zuwa Takoradi, babban birnin da ke kusa da nan, a haɗa shi da Kawu. Gero 25, rufi 15.

A gaida Yaya da yara. A sa ni a addu'a.

Ɗanki.