A Leƙa Dagona Kafin Baƙin Hunturu Su Koma

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a Gashuwa, kuma duk lokacin hunturu nakan ɗauki tsohon tabaran hangen nesa da nake da shi in tafi Dagona, wani tafki da aka keɓe wa tsuntsaye a yankinmu, domin kallon tsuntsaye. Roƙona shi ne ku turo wakilinku ya ga wurin nan kafin ƙarshen watan Fabrairu, tun baƙinmu ba su fara shirin komawa ba.

Baƙin da nake nufi tsuntsaye ne. Da sanyi ya kama ƙasashen Turai, sai su tsallako teku da hamadar Sahara su sauka a fadamun Haɗeja da Nguru, inda kogin Haɗeja da na Jama'are ke bazuwa kafin su zama Komadugu Yobe. Akwai agwagin daji iri-iri, akwai kuma wani ɗan tsuntsu mai dogayen ƙafafu da Turawa ke kira raf, wanda ke yin sheƙa can arewacin Turai da Saiberiya. Da asuba za ka gan su garke guda suna caccakar laka a bakin ruwa, in wani abu ya firgita su sai su tashi tare kamar hayaƙi, su kewaya su sake sauka. A gefensu ga namu na gida, ɗinya da kirinjijiya da zalɓe da belbela. Wani masunci ya taɓa nuna mini zoben ƙarfe da ya cire daga ƙafar wani tsuntsu, da rubutun boko a jiki. Masu bincike ne suka saka shi a wata ƙasa mai nisa domin sanin hanyar da tsuntsun ke bi. Na daɗe ina juya zoben nan a tafin hannuna.

Duniya ta san wurin. Yarima Filib na Ingila ya zo Dagona a 1989. A shekarar 2000 aka sa tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin fadamun yarjejeniyar Ramsar, wato yarjejeniyar ƙasashen duniya ta kare fadamu, kuma su ne na farko a Najeriya. Dagona da fadamar Baturiya suka bi a 2008. Amma a ajina, yara kaɗan ne suka taɓa zuwa, alhali ba wata tafiya ba ce.

Abin da ya fi damuna shi ne ruwa. Tun da aka kammala dam ɗin Tiga a 1974, sannan na Challawa a 1992, waɗanda ke tare ruwan da ke gangarowa kogin Haɗeja, ambaliyar damina da ta saba cika fadama sannan ta janye a hankali ta canja. Ita wannan janyewar ce ke barin laka mai tsutsotsi da tsuntsayen bakin ruwa ke ci, ita ce kuma ke bai wa manomi danshin shuka. Yanzu wani wuri ruwan ya zauna shekara cur, wani wurin kuma ya ƙafe da wuri. Inda ya zauna, kachala ta yi kaka-gida, ta toshe hanyar kwale-kwale, ta cinye gonakin shinkafa da wuraren kamun kifi. Kuma cikinta ne jan-baki ke kwana, su fito su auka wa hatsi. Manomin da jan-baki suka yi wa ɓarna ba na ganin laifinsa in ya tsani duk wani mai fiffike. Sai dai raga da guba ba sa tantance ɓarawo da baƙo, kuma na sha ganin gawar tsuntsun da ya yi tafiyar dubban kilomitoci kwance a bakin gona.

Don haka in wakilinku ya zo, kada ya tsaya a ɗaukar hoton tsuntsaye kawai. Ya zauna da masunta da manoma da makiyaya, ya tambayi hukumar da ke kula da dam-dam ɗin yadda ake sakin ruwa da lokacin da ake sakinsa, ya kuma tambaya ina aka kwana kan share kachala. Ya iso da sassafe, ya sa rigar sanyi. Ni zan ara masa tabarau.

Naku,
Wani malamin makaranta, Gashuwa, Jihar Yobe