Wasiƙa zuwa ga aminina a kan gwajin Baba

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali a can Agadas, ina sanar da kai cewa na raka Baba asibiti a nan Maradi kamar yadda ka nema. Likita bai yarda cewa ciwon bayan nan na tsufa ne kawai ba, domin ya zo tare da ƙarancin jini da raunin ƙoda, ga kuma kalsiyam ya hau. Abin da yake zargi shi ne miyeloma, sankarar da ke kama ƙwayoyin filasma na cikin ɓargo, waɗanda suke haɗa furotin ɗin da jiki ke yaƙar cuta da shi.

Idan waɗannan ƙwayoyi suka lalace, sai su riƙa zuba furotin iri ɗaya tak cikin jini, kuma shi ake nema da gwajin elektiroforez, inda yake fitowa a takardar sakamako kamar tsini guda siriri. Kada hankalinka ya kwanta don an ce fitsarinsa lafiya lau, saboda 'yar takardar da ake tsomawa ba ta cika kama furotin ɗin Bence Jones ba, wato guntun wannan furotin da ke fita ta fitsari. Shi ya sa aka ba shi jarka ya tara fitsarin awa 24: a zubar da na farkon asuba, a tara duk na bayansa har da na asubar washegari, a kuma ajiye jarkar a wuri mai sanyi, wanda a zafin garin nan ba ƙaramin aiki ba ne.

Ganin tsinin kaɗai bai tabbatar da sankara ba. Akwai tsofaffi da yawa masu ɗan wannan furotin, kuma a cikinsu kusan mutum 1 cikin 100 ne abin ke rikiɗe masa ya zama sankara a kowace shekara. Hukunci sai an zuƙo ɓargo an ga ko lalatattun ƙwayoyin sun kai kashi 10 cikin 100.

Ko da me aka samu, gwajin za a yi ta maimaita shi, kuma gara a ɗakin gwaji ɗaya, don a iya gwada sabon adadi da tsoho. Na karɓe diklofenak, maganin rage zafin ciwo da yake saye a bakin kasuwa, tunda yana cutar da ƙoda. Ka kira shi ka ƙara ja masa kunne, ya fi jin maganarka.

Allah Ya ba shi lafiya. A gaida mutanen gida.

Naka,
Amininka