Tsirkiyar jita: a daina duba arha kawai

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan uwana matasa masu koyon kaɗa jita.

Shekaran jiya wani ƙanena ya kawo min jitarsa wai ta daina daɗi, ina shafa tsirkiyoyin sai ga tsatsa ja a yatsuna, ko wata biyu ba su yi ba. Zufar hannu ce da laimar damina ke cinye su, sannan ƙurar hunturu ta shige tsakanin naɗin wayar, sauti ya dushe.

Ni dai na fi son tsirkiyar phosphor bronze, wato mai naɗin wayar wani irin haɗin tagulla, irin D'Addario EJ16 mai lambar kauri 12 zuwa 53 (daga tsirkiyar da ta fi siranta zuwa wadda ta fi kauri), muryarta akwai taushi kuma ba ta saurin mutuwa, ita kuwa 80/20, wadda wani haɗin tagullar ne daban, ranar farko wallahi ƙarar ta fita tas amma ba ta daɗewa haka. In kai mai zufar hannu ne gara ka daure ka sayi Elixir, wadda aka lulluɓe da siririyar leda, tana da tsada gaskiya amma sai ka manta yaushe ka canza. Mai koyo ya fara da mai lambar kauri 11, wadda ta fi siranta, don kar yatsu su yi ciwo ya ajiye jitar.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne masu ɗaura tsirkiyar ƙarfe a jitar da aka yi don tsirkiyar nailan, wuyanta lanƙwashewa yake yi. Kuma a riƙa goge tsirkiya da busasshen tsumma bayan an gama kiɗa.

Naku,
mai karatu daga Kaduna