Kwamfuta Ba Ta San Bala da Balarabe Ba

Assalamu alaikum, Auta.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kamar yadda muke nan lafiya. Yayanka ya ce an ɗora maka aikin tace rajistar sunaye a ofishinku, ka nemi "Bala" a fayil, kwamfuta ta zubo maka har da Balarabe da Balaraba. Na ga gara in rubuto maka, don magana ta waya ba ta zama.

Umarnin nan grep da kake aiki da shi wajen neman kalma a cikin fayil tsoho ne, ya girme ka nesa ba kusa ba. Ken Thompson ne ya rubuta shi a Bell Labs ta Amurka, wajen 1973. Jerin haruffa kawai yake bi, duk layin da ya ga B-a-l-a a jere sai ya kawo maka. In kalmar kake so ita kaɗai, ka ƙara -w:

grep -wn Bala rajista.txt

Wancan n ɗin lambar layi zai ba ka. In layin gaba ɗaya kake so ya zama kalmar, ba ƙari ba ragi, sai -x. Amma fayil ɗin da ya fito daga Windows yana da ɓoyayyar alama a ƙarshen kowane layi, wadda ke sa -x ya dawo hannu rabbana, alhali sunan na nan. Ka fara wanke shi da dos2unix, umarnin da ke cire wannan alama.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne. Abin da -w ya ɗauka kalma shi ne harafi, lamba, da ɗan layin nan na ƙasa _. Duk abin da ba su ba, iyaka ce a wurinsa. Saboda haka Ɗan-Bala zai fito a neman Bala, domin karan ɗori ya raba su. Ka nemi "ya", sai ka ga 'ya'ya ta shigo. Haruffanmu masu ƙugiya kuwa, su ne suka fi ba da wahala. In na'urar tana kan tsarin UTF-8, wanda ya ƙunshi haruffan harsuna da yawa, ta san ƙ harafi ne. In kuwa an bar ta a kan tsarin C, wanda haruffan Turanci kawai ya sani, sai ta ɗauki ƙ wani tarkace, ka nemi "asa" ta kawo maka "ƙasa". Abin haushin shi ne, umarnin zai yi daidai a gabanka, amma idan cron, manhajar da ke tayar da umarni a lokacin da aka tsara mata, ya tayar da shi da tsakar dare, sau da yawa yanayin da yake samu daban ne. Ka buga locale ka ga tsarin da na'urar take kai, sannan a saman fayil ɗin da ka rubuta umarninka a ciki ka sa export LC_ALL=C.UTF-8, ka huta.

Kada kuma ka manta da masu buga rajistar. Wani ya rubuta Ƙasimu, wani Kasimu, don madanninsa ba su da ƙugiya. Mutanen Nijar suna rubuta ƴ inda mu muke rubuta 'y. Wannan ba laifin kwamfuta ba ne, kai za ka haɗa su da kanka: grep -w '[KƘ]asimu' rajista.txt.

Ɗigo ma yana da nasa halin. A wurin grep yana nufin kowane harafi, don haka 1.5 zai kama 105. Kuɗin mutane ne fa. Ka sa -F ya ɗauki abin da ka rubuta yadda yake. Haka -c, layuka yake ƙirgawa. In sau nawa kalmar ta fito kake so, sai grep -ow Bala rajista.txt | wc -l.

In ka zo haɗa shi cikin rubutun bash, wato fayil mai jerin umarni, kada ka bar $suna, ma'ajiyar sunan da ake nema, tsirara. Ka rubuta "$suna" cikin alamar zance, in ba haka ba "Bala Musa" zai rabu biyu, grep ya tafi neman fayil mai suna Musa. Kuma ka san amsarsa iri uku ce: 0 ya samu, 1 bai samu ba, 2 an sami matsala, watau watakila fayil ɗin ma babu shi. Yaran yanzu da yawa suna haɗa 1 da 2, su je su ce wa maigida sunan mutum ba ya cikin rajista. Idan fayil ɗin mai ginshiƙai ne, ni wani umarni mai suna awk na fi so: awk -F, '$2 == "Bala"' rajista.csv, ginshiƙi na biyu kawai zai duba.

Kafin ka saki sed -i, umarnin da ke gyara rubutu kai tsaye a cikin fayil, ya canza komai, ka karanta abin da grep ya fito da shi da idonka, layi-layi, ka kuma ajiye kwafi. Bayan kowane layi akwai mutum mai jiran albashi ko takarda.

Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci a kan lokaci. Allah ya yi maka albarka, ya sa ka gama lafiya.

Wassalam,
Mahaifinka